Ƙofar Gabas

Haladu, ka riga ka kira magini ka sayi ƙofa, sannan ka zo neman shawarata, ko goro babu, ni da rabin unguwar nan ke kwana lafiya da bakina. To zauna ka ji, kyauta.

Wani mai lambu ne ya gaji ɗakin soro daga ubansa, ginin ƙasa mai kauri, ƙofarsa na duban yamma. Bayan bangon gabas kuwa lambunsa ne, ga mangwaro ga lemo. Tsohuwarsa ce a ɗakin, ƙafa ta daina ɗaukarta. Sai ya ƙudurta fasa bangon nan, a yi ƙofa mai faɗi, ta riƙa shan iska tana kallon kore daga kan gadonta. Magini ya shafa bangon ya ce ta gabas ruwa ke dukan gida, shi ya sa na da suka toshe ta, kuma a kan wannan bangon azara ta ɗora kai. Mai lambu ya ce tsoron mutanen da ne, ya nemo wani maginin da ba ya musu, aka fasa bango aka sa ƙofa. Duk rani gidan ya zama abin kallo, har maƙwabta na shigowa shan inuwa.

Rannan da la'asar hadarin farko ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Iska ta fizge ƙyauren, ruwa ya shigo a kwance har kan gadon tsohuwa. Mai lambu ya kafa tabarma a ƙofar, iska ta ɗauke. Gefen ƙofar da aka fasa ya sha ruwa, ya fara zubowa kamar kunu. Sai ya ji azara ta yi ƙara a saman kansu, ƙasa na zuba a kan mayafin uwarsa. Ya tsuguna ya goya ta, santsi ya kwashe shi, ya tashi da gwiwa, azara ta sake ƙara. Ƙafarsa na fita tsakar gida rufin ya rufto a bayansu. Da ruwa ya ɗauke, tsohuwa ta dubi inda ɗakinta yake, babu komai sai sararin sama, ta ce, “To, ɗan nan, ga shi ka haɗa mini ɗaki da waje.”

Kai ma bangon naka na gabas ne, na leƙa na gani. Kar ka manta, garin neman gira ake rasa ido.