Sunan Kakan Majid a Ƙofar Kanti

Da leburori suka kankare tsohuwar filastar bakin ƙofa, sai ga wani allon katako a ƙarƙashinta, da rubutu layi uku. Majid Kabo ya ture su, ya goge ƙurar da hannun jallabiyarsa. Haruffan na Larabci ne, amma babu abin da ya karantu gare shi sai kalmomi biyu a tsakiya: Dawuda Kabo. Sunan kakansa ke nan.

Tsohon kantin unguwar Jarwal a Makka bene ne hawa uku, inda a da alhazai ke sayen komai, daga darduma har akwatin ƙarfe. Shekara talatin yana rufe. Da aka tashi rushe shi don a gina otal, jikokin Hausawan unguwar suka yi tsaye, har aka yarda su gyara shi da kansu, da sharaɗin su fitar da shugaba daga zuriyar da ta fi kowa alaƙa da ginin. Nan fa kowa ya wayi gari kakansa ne ya aza tubalin farko.

Majid ya riga ya ajiye aikinsa na ofis saboda kujerar nan, kuma ba shi da hujja sai baki. Abokin takararsa, Hudaifa Hafizu, har hoton kakansa yake yawo da shi, yana tsaye a bayan teburin kantin da awon yadi a wuya. Shi kuwa Majid abin da ya sani kawai, marigayi Dawuda bai taɓa ambaton kantin ba, kakarsa ma gara ta zagaya ta wani lungu da ta bi ta gabansa. Ya daɗe da yanke cewa tawali'u ne na kakan, na kakar kuma kewa ce.

Allon ya raba gardama. Hoto kowa na iya ɗauka, in ji Majid, amma ba a rubuta sunan mutum a ƙofar kanti a banza. Kwamitin gyaran ginin ya jinjina kai. Duk haifaffun Makka ne, Hausarsu ta tsaya a gaisuwa da sunayen abinci, ba wanda ya so ya fara cewa bai gane rubutun ba. Suka ɗauko wani masanin kayan tarihi daga Jidda, ya duba da gilashi, ya ce salon rubutun na Afirka ta yamma ne, kuma bisa al'ada mai gini kan sa sunansa tare da addu'a. Aka ba Majid kujera a ranar, Hudaifa ya mayar da hotonsa aljihu.

Aikinsa na farko shi ne korar matan da ke talla a matakalar ginin, waɗanda suka zo aikin hajji shekaru aru-aru suka zauna ba takarda. A ganinsa suna ɓata tarihi. Babbarsu, Saudatu mai ƙosai, ta haura saba'in, kuma a matakalar nan ta yi ƙuruciyarta, lokacin babanta na gadin kantin. Sau biyu tana tare shi, wai tana da magana a kan allon. Ya ce idan roƙon rumfa ne ta rubuto wa kwamiti.

Aka zuba wa haruffan ruwan gwal, aka sa gilashi, aka haska da fitila. Aka buga su a jikin ledar kanti da hular ma'aikata. Tsofaffin 'yan dakon unguwar suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, su tsaya gaban allon, su rufe baki da rawani, kafaɗunsu na rawa. Majid ya ji tausayinsu ƙwarai. Bai san kakansa ya shiga ran mutane haka ba.

Ana gobe buɗewa mai tsara biki ya ce wurin ya yi tsaf da yawa, babu ƙamshin da. Sai aka nemo Saudatu, aka ɗaura mata sabon zane, aka zaunar da ita a matakalar da aka kore ta, da kasko ba wuta, don masu hoto.

Bayan la'asar wuri ya cika. Majid ya yi jawabi a kan gadon kakanni har muryarsa ta karye. Babban baƙo ya yanke ƙyalle, ya tsaya gaban allon, ya tambayi abin da addu'ar ke cewa. Kwamiti ya shiga kallon takalma. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce ai ajami ne, Hausa da haruffan Larabci, kuma tsohuwar can tana karantawa.

Majid ya ji daɗin wannan dama. Da kansa ya kai mata makirfo.

"Ya waladi, ɗana, ka tabbata?" in ji ta. "A gaban mutane?"

"Karanta, ya hala, innarmu. Da ƙarfi. Ki kuma fassara wa baƙo da Larabci."

Saudatu ta gyara mayafi, ta ce rubutun hannun babanta ne, tana riƙe masa tawada ya yi shi bisa umarnin mai kanti. Sannan ta bi layukan da yatsa, a hankali, yadda na baya ma za su ji.

"Jama'a a yi hattara. An hana Dawuda Kabo shiga kantin nan har abada. Sau uku ana kama shi da darduma a cikin riga."