Jar Fitila da Shari'ar Akuya

Tun da aka kafa dokar hana ƙarya, kowane aji yana da fitilar da ke yin ja idan malami ya faɗi abin da bai faru ba. Ja uku, sai kora.

Malama Talatuwa ta buɗe littafin tatsuniya gaban 'yan aji biyar. "Kura ta kai ƙarar akuya." Fitila ta yi ja.

"Akuya ta rantse ba ta da laifi." Fitilar ta sake yin ja.

Kande, shugabar aji, ta miƙe. "Malama, don Allah ki bari, saura ɗaya!"

"Zauna, ki saurara." Malama ta ɗaga murya: "Alƙali ya dubi haƙoran mai ƙara, ya ba ta gaskiya."

Fitilar ba ta kama ba.

"To," in ji Malama, "ku ja layi ƙarƙashin wannan jimlar. Daga nan za mu fara."