Injin da Ya Jira Izini Daga Bene

Ga misali ga mai son komai ya bi ta hannunsa. Wani attajiri ya kafa masana'antar tabarmar roba, ya ɗauko wata injiniya ta tsara manhajar da za ta riƙa tafiyar da injunan. Ta yi tsarin hawa uku. Na sama yana cikin kwamfutar ofishinsa a bene, shi ke yanke aikin yini. Na tsakiya yana raba wa injuna aikin. Na ƙasa kuwa yana jikin kowane inji, bai san komai ba sai abin da ke gabansa, amma da wani abu ya gifta bakin gangunan ƙarfen da ke murza roba, kafin ƙiftawar ido ya tsayar da su, ba ya tambayar kowa. Wannan ne ya tsaya wa attajirin a rai. Mutum ne da ko kaza ba a yankawa a gidansa sai da saninsa, ga shi a mako guda aiki ya tsaya sau uku, ɗaya ma ƙadangare ne ya wuce. Ya ce daga yau kada wani inji ya tsaya sai saƙo ya hau bene ya amince. Injiniyar ta ce kafin saƙo ya hau ya sauko ganga ta juya sau goma. Ya ce ya ji. Ta maimaita, ya ce ai ya ce ya ji. Ta canza tsarin, ranta bai so ba.

Wata Alhamis ya sauko da baƙi yana zagayawa da su cikin babbar riga. Daga ƙarshen zauren injunan injiniyar ta hango ya miƙa hannu yana nuni, ta ga bakin rigar ya taɓa ganga. Tsarin ƙasa da ke jikin injin ya gani, ya aika sama, ya jira. A bene kwamfuta tana ta ƙara gaban kujerar da ba kowa. Ganga ta ci shadda kamu ɗaya, ta ci biyu, ta jawo shi har ya durƙusa. Ma'aikata suka ƙame, don an hana su taɓa komai. Injiniyar ta ruga tana tsallake buhunan roba, ta kai ga babban makunni, ta ja shi da hannu biyu. Zauren ya yi tsit. Ganga ta riga ta murƙushe masa yatsu uku.

Ana naɗe masa hannu ya ɗago kai ya neme ta. "Injiniya," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "mayar da tsarin yadda yake a da." Nan take ta je ta mayar da shi. Dama Hausawa sun ce, jiki ya fi kunne ji.