Yafiyar da Ta Makara

Ramlatu ta iso asibiti da azahar, ta tarar tun hantsi aka fara kwafar tunanin mahaifinta cikin na'ura, yadda ake yi wa duk mai jinyar ajali don iyali su riƙa hira da shi bayan rasuwa. Shekara uku ba ya amsa gaisuwarta, tun da ta soki wannan tsari a rediyo.

Ta durƙusa. "Baba, ka yafe mini."

"Na yafe miki duniya da lahira," ya ce yana haki.

Ta juya wajen ma'aikacin da ke kula da na'urar. "Malam, wannan ta shiga?"

"A'a. Da an fara muke kulle komai yadda yake, sabo ba ya shiga."

"To a sake daga farko mana!"

"Awa shida ake yi, Malama. Dubi numfashinsa. Kowa haƙuri yake yi."

"Haƙurin nan ne ya kashe mu!"

Bayan la'asar Baba ya cika. Ranar sadakar bakwai aka kunna na'urar a tsakar gida, muryar Baba tana ta sa wa ƙannenta albarka. Ramlatu ta matso ta gaishe shi. Muryar ta share gaisuwar, ta tambaya ko an ba awaki ruwa.