Geron Da Ya Riga 'Yan'uwansa Nuna

Malam Tasi'u, ka ce Rumasa'u ta ɗaure maka kai. Yarinyar da ke gama lissafin aji uku kafin ka ajiye alli, yau ita ce mai barci a aji, har kana shirin rubuta wa iyayenta cewa ba ta ji. Ajiye biron tukuna, ni tsohon hedimasta zan ba ka misali.

Wani ma'aikaci ne ya yi ritaya ya koma gonar gado, mutum mai son tsari, komai nasa sai da kalanda. Maƙwabcinsa ya ba shi irin gero cikin tafin hannu, ya shuka a kunya biyu ta bakin gona, sauran ya cika da irin da ya sayo a kasuwa. Ya ƙirga kwanaki, ya zagaye ranar girbi da jan biro. Sauran gero bai gama fitar da kai ba, sai ga na kunya biyun nan ya yi ƙwaya, ganye ya soma ja. Bawan Allah ya ruɗe. Ya duba kalanda, da saura mako uku. Ya ce ko ciwo ne, ya zuba taki. Ya ce ko ƙishirwa ce, alhali ƙasa jiƙe take. Maƙwabcin ya leƙo ya ce masa geron nan fa ya nuna, ya yanke abinsa. Shi kuwa ya ce rana ɗaya aka yi shuka, ruwa ɗaya suka sha, don haka adalci shi ne ya jira 'yan'uwansa. Tsuntsaye dai ba su san kalanda ba. Ran girbi kowace kunya ta ba da dami, biyun nan kuwa zangarniya ce tsaye ba ƙwaya ko ɗaya. Ya daɗe yana jujjuya ta a hannu, ya rasa gane yadda wanda ya fi kowa kyau ya tashi a banza. Abin da ya fi ba ni haushi, ya koma gida yana cewa irin ne ba shi da kyau.

Kada ka tambaye ni yadda za ka yi da yara saba'in da manhaja ɗaya, ni ma shekara talatin na yi ban warware wannan ba, kuma akwai yaran da har yau nake jin kunyar haɗuwa da su a hanya. Amma gobe in Rumasa'u ta gama lissafinta, kada ka ce ta naɗe hannu ta jira. Miƙa mata littafin aji huɗu, ka ga ko barcin zai zo. In ka bar ta tana jira, wani abin zai ɗauke hankalinta, kuma ba zai nemi izininka ba. Hausawa suka ce, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.