Taku Goma Tsakanina da Barau

Shekara tara ke nan da sojojin ƙetare suka zo rabon faɗanmu, suka ɗaura wa kowa munduwa: ja ga mutanen tudu, shuɗiya ga mutanen fadama. In ja ta matso shuɗiya ƙasa da taku goma, sai duka biyun su zama garwashi. Wai zaman lafiya ke nan. An ce baƙo raɓa ne. Namu ya zama damina.

Da hantsi aka aiko cewa wana Barau yana gargara. Shi a fadama ya zauna, ni a tudu: shuɗiya gare shi, ni ja. Lokacin yaƙi ni na ƙone masa rumbu, ban kuma taɓa neman gafararsa ba.

Na ce wa sojan da ke gadin ƙofar shiga fadama, "Kwance mini abin nan na awa guda."

Na'urar tafinta da ke ƙirjinsa ta amsa da Hausa, "Don kariyarka ne, Baba."

"Ban haife ka ba! Harshe da haƙori ma suna saɓawa, ka taɓa jin sun kira maƙwabci?"

Ko kallona bai yi ba.

Na tsaya bakin zauren Barau, hannuna ya fara ɗumi. Matarsa ta leƙo daga nesa.

"Yaya Dije, ki ce masa Tanimu na roƙon yafiya."

Ta shiga, ta dawo. "Ya ce ba a aiken yafiya. In da gaske kake, ka zo ka riƙe hannunsa."

"Tasa munduwar ma za ta ƙona shi."

"Ya sani. Ya riga ya miƙo hannun."

Na yi bismilla, na shiga.