Gaisuwar Sallau

"A kunna!" in ji alƙali.

Sallau ya gyara zama. Har kwalekwalensa ya sayar ya ɗauki lauya, don kotu ta tilasta wa kansiloli fito da faifan taron sirrin da ya ci rumfarsa ta bandar kifi a bakin tafkin Kainji. Yau dai zai ji muryar maƙiyin da ya kai sunansa.

Faifai ya fara. Ba muhawara, sai tauna da tanɗar baki. Can sai tari, sai kakari, sai salati. Ƙayar kifi ta maƙale wa ciyaman.

Da ya farfaɗo ya ce, "Uban wa ya kawo ƙarfasar nan?"

Wani kansila ya ce, "Sallau ne, ranka ya daɗe. Gaisuwa ya aiko, wai a riƙa tunawa da shi."

"To, mun tuna. A rushe!"